Manhajar kodin ta ƙi hawa? Yadda ake nemo laburaren da ya ɓace ba tare da an yi wa kwamfuta fomat ba

Ranar wata Asabar bayan la'asar mai Keke Napep ya sauke wani yaro a ƙofar shagona da ke wajen Wunti a Bauchi, rungume da akwatin kwamfutar tebur kamar mai kai jariri asibiti. Daga Gwallameji ya taso. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Oga, fomat nake so a yi mata."

Na ce, "Me ta yi maka, ƙanena?"

Ya ce kwana biyu ke nan yana fama ya ɗora manhajar kodin ta Visual Studio Code a kan Ubuntu, wani nau'in Linux, ta ƙi, abokinsa kuma ya ce ai sai an wanke ta tas an sake zubi. Na tambaye shi me ta rubuto masa. Ya ce, "Wani dogon Turanci ne, na rufe." A cikin kwamfutar nan akwai babi uku na furojet ɗinsa, ba shi da kwafi ko a filash. Muka jona ta, muka sake gwadawa, dogon Turancin ya fito, sai ga sunan abin da ya ɓace ɓaro-ɓaro a ciki. Umarni ɗaya ya gyara ta, ko shayin da na aika a sayo bai iso ba.

Irin wannan na gani ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, musamman lokacin da ɗaliban Yelwa da na Gwallameji suka shiga zangon furojet. Kwamfuta takan faɗi abin da take nema da bakinta. Matsalar ita ce ba a tsayawa a saurare ta.

Mene ne ma laburaren?

Mai masa ba ta noma shinkafa, ba ta da injin niƙa, ba ita ke tatsar mai ba. Ranar da mai niƙa bai buɗe ba, babu masa, alhali tandarta lafiya lau, wutarta na ci. Haka manhaja take. Wanda ya rubuta ta bai zauna ya rubuta yadda za a zana taga a allo, ko yadda za a ɓoye saƙo a intanet, ko yadda za a matse fayil ba. Wasu sun riga sun rubuta waɗannan, an adana su a fayiloli na musamman da manhajoji da yawa ke ara. Su ake kira laburare. A Linux sunansu kan fara da lib, ya ƙare da .so da lamba, kamar libssl.so.3. A Windows kuwa da .dll suke ƙarewa. Duk abubuwan da manhaja ba ta tashi sai da su, ni 'yan rakiya nake ce musu a shago, kuma sunan ya bi bakin yarana. Idan ɗaya bai zo ba amarya ba ta tarewa, amma ba a rushe gida don wannan.

Zan fi daɗewa a kan Ubuntu da danginta irin su Linux Mint da Debian, don a nan aka fi ruɗewa. Windows na can ƙasa.

Mataki na farko: karanta saƙon, ka ɗauke shi hoto

Kada ka rufe komai. Ɗauki hoton allon da wayarka. Idan ta hanyar danna alama ka buɗe manhajar ta ƙi fitowa shiru, buɗe taminal, wato tagar rubuta umarni, da Ctrl da Alt da T, ka rubuta sunanta a can, don a taminal take kokawa. Saƙon yakan zo da ɗaya daga cikin waɗannan fuskoki, kuma kowace da maganinta.

Idan ka ga "dependency problems prevent configuration" ko "unmet dependencies", tun wajen ɗorawa aka tsaya, 'yan rakiya ba su iso ba. Idan ka ga "error while loading shared libraries" da sunan fayil da "cannot open shared object file", manhajar ta hau amma ta rasa laburare lokacin tashi. Idan kuwa kana harhaɗa shirinka ne, wato mayar da kodin da ka rubuta shiri mai aiki, ka ga sunan da ya ƙare da .h tare da "No such file or directory", ko ka ga "cannot find -l" da wani suna a manne, wannan wata matsala ce dabam, za mu zo kanta. Rubuta sunan abin da ya ɓace a takarda harafi da harafi, har lambar ƙarshe. Wannan lambar ba ado ba ce.

Mataki na biyu: san irin kwamfutar da ke gabanka

Umarni uku ne, ba sa cin data:

lsb_release -a
uname -m
date

Na farko zai gaya maka sigar Ubuntu, misali 22.04 ko 24.04. Na biyu idan ya ce x86_64, injinka 64-bit ne, kuma fayil ɗin ɗora manhaja, wato ƙunshi, da ke da amd64 a sunansa shi ne naka ko da Intel ne a ciki. Idan ka sauke mai arm64 bisa kuskure, ko kwana za ka yi ba zai hau ba.

Na ukun shi ne wanda mutane ke raina wa, kuma a nan garin shi ya fi kayar da su. Yawancin kwamfutocin tebur da ke hannun ɗalibanmu 'yan kwatano ne, ƙaramin batirin agogon da ke kan allon ciki, mai lamba CR2032, ya daɗe da mutuwa. Duk lokacin da aka ɗauke wuta agogon ya koma shekarun baya. Kwamfutar da ta ɗauka tana wata tsohuwar shekara za ta ƙi amincewa da rumbun Ubuntu, ma'ajiyar manhajojinta da ke intanet, ta rubuto maka "is not valid yet", wato a lissafinta ba a ma buga jerin kayan rumbun ba tukuna. Gyara agogon:

sudo timedatectl set-timezone Africa/Lagos
sudo timedatectl set-ntp true

Ka jona intanet ka ɗan jira, ka sake duba date. Daga baya ka sayi batirin ka canza, wurin masu gyaran agogo ma ana samunsa.

Mataki na uku: share fage

Idan an taɓa ɗauke wuta ana tsakiyar ɗora wani abu, kwamfutar za ta ƙi karɓar sabon aiki sai an ƙarasa na baya. Da kanta take rubuta maganin a saƙon "dpkg was interrupted":

sudo dpkg --configure -a

Idan kuma "Could not get lock" ka gani, wani aikin ne ke gudana a ɓoye, galibi sabuntawar tsaro da Ubuntu ke yi da kanta da zarar ta ga intanet. Ka yi haƙuri ta gama. Akwai masu ba da shawarar a goge fayil ɗin makullin. Na ga kwamfutocin da wannan shawarar ta jefa cikin halin da ya fi na farko muni. Sai ka tabbata babu abin da ke gudana, ka ma sake kunna kwamfutar tukuna, kafin ka yi tunanin taɓa shi.

Daga nan sai:

sudo apt update

Wannan ba ya ɗora komai. Jerin kayan da ke rumbu kawai yake sabuntawa. Wanda ya tsallake shi kamar wanda ya je Kasuwar Muda Lawal ne da farashin bara, yana neman rumfar da ta tashi. Yawancin saƙon "404 Not Found" da "Unable to locate package" daga nan suke. Idan intanet ta yi ta yankewa har ka ga "Hash Sum mismatch", goge jerin da ya lalace ka sake saukewa:

sudo rm -rf /var/lib/apt/lists/*
sudo apt update

Ka duba wannan layin na farko sau biyu kafin ka danna Enter. Tazara ɗaya a inda ba ta dace ba tana iya share abin da ba ka yi niyya ba, kuma babu kwandon shara da za ka je ka tsinto.

Mataki na huɗu: bar apt ya kirawo 'yan rakiya

Ga kuskuren yaron nan na Gwallameji. Ya sauke fayil mai .deb, ya ɗora shi da dpkg -i. Shi dpkg lebura ne: ka ba shi ƙunshi ya kwance ya jera, amma ba ya zuwa rumbu neman abin da ya rage. Apt ne ke wannan zirga-zirgar. Idan ka riga ka yi amfani da dpkg ya tsaya rabi, wannan ne umarnin da ya ceci furojet ɗinsa:

sudo apt --fix-broken install

Nan gaba kuma, shiga foldar da fayil ɗin yake ka ɗora shi haka:

cd ~/Downloads
sudo apt install ./sunan-fayil.deb

Ɗigo da sandar nan na gaban suna su ke gaya wa apt cewa fayil ne a nan kusa, ba suna ne a rumbu ba.

A nan zan ja kunne. Kafin apt ya fara aiki yakan jero abin da zai ɗora da abin da zai cire, sannan ya tambaye ka. Kada ka danna Y ido rufe. Nemi layin da ke cewa "The following packages will be REMOVED". Idan manhajar da ta ƙi hawa ce kaɗai a ƙarƙashinsa, apt na gaya maka ne bai samo 'yan rakiyarta ba, don haka zai mayar da ita gida. Wuce mataki na shida. Idan kuwa ka ga ubuntu-desktop, ko gdm3, ko python3, ko jerin da ya cika allo, danna N. Wani malamin makaranta ya taɓa kawo mini tasa bayan ya amsa Y a irin wannan wuri, ya wayi gari babu komai sai baƙin allo. Garin neman gira ya rasa ido. In kana shakka, saka -s bayan install, apt zai nuna maka abin da zai faru ba tare da ya taɓa komai ba.

Mataki na biyar: manhajar ta hau amma ba ta tashi

Wannan ya fi faruwa da manhajojin da suka zo a matse cikin .tar.gz ko .zip ko .run, don su babu mai duba musu 'yan rakiya. Saƙon kuskure laburare ɗaya kawai yake ambata a lokaci guda, ka gyara shi wani ya fito. Don ka ga dukansu a zama ɗaya:

ldd ./sunan-shiri | grep "not found"

A kan shirin da ka amince da inda ya fito kawai za ka yi wannan. Duk abin da ya fito, shi ne ya ɓace.

Sai dai sunan fayil dabam, sunan ƙunshin da ke ɗauke da shi dabam. Ba za ka ce apt ya ɗora libGL.so.1 ba, bai san wannan sunan ba. Ƙunshin sunansa libgl1. Mai haɗa ka da sunan shi ne apt-file:

sudo apt install apt-file
sudo apt-file update
apt-file search libGL.so.1

Sunan da ke hagu kafin ɗigo biyu shi za ka ba apt install. Sabunta apt-file na ɗan cin data. In kana lallaɓa ta ne, buɗe packages.ubuntu.com a waya, ka je sashen binciken abin da ke cikin ƙunsoshi, ka zaɓi sigar Ubuntunka, ka rubuta sunan fayil ɗin. Amsa ɗaya ce.

Biyu daga cikin waɗanda suka fi zuwa shagona, har na haddace su. Manhajar da aka gina da Qt ta ce ta kasa loda "xcb": daga Qt 6.5 zuwa sama ana bukatar libxcb-cursor0. Fayil mai .AppImage kuma ya ƙi buɗewa yana neman libfuse.so.2: a 22.04 ɗora libfuse2, a 24.04 libfuse2t64. Ka kula, kada ka ɗora wanda sunansa fuse kawai, yana iya tumɓuke fuse3 da wasu sassan tebur da suka dogara da shi.

Mataki na shida: idan rumbu ya ce ba shi da shi

A nan aikin yake, a nan kuma ake gyaran gangar Auzinawa. Dalili huɗu ne ke sa apt ya ce bai san abu ba, kuma sai ka gane wanne ne kafin ka motsa.

Mafi sauƙi, sashen rumbun da abin yake a rufe yake. Yawancin kayan kodin suna sashen universe:

sudo add-apt-repository universe
sudo apt update

Na biyu, an canza masa suna. A Ubuntu 24.04, wadda ta fito a Afrilun 2024, laburare da yawa sun sami t64 a ƙarshen sunansu. Dalilin shi ne tsohuwar hanyar ƙirga lokaci da lamba mai 32-bit za ta cika ta tumbatsa ranar 19 ga Janairun 2038, shi ya sa aka sake gina su. Don haka idan bayanin da kake bi ya ce ka ɗora libasound2 apt ya ce "has no installation candidate", gwada libasound2t64. Umarnin apt search da guntun sunan zai nuna maka sabon.

Na uku, sigar Ubuntunka ta mutu. Sigogin da ake kira LTS suna fitowa duk shekara biyu a watan Afrilu, ana kula da su shekara biyar. Na tsakaninsu, irin su 23.04 da 23.10, wata tara kacal suke yi, daga nan a kwashe kayansu zuwa old-releases.ubuntu.com. Mai irin wannan zai ga 404 a kowane layi. Ana iya juya adireshin rumbu zuwa can don a samu a numfasa, amma magani na gaskiya shi ne ka kwashe fayilolinka ka koma LTS. Wannan ne kaɗai wurin da nake yarda a sake zubi, shi ma bayan an yi kwafi.

Na huɗu shi ne mai wuya: an cire laburaren gaba ɗaya. Ubuntu 22.04 ta koma OpenSSL 3, babu libssl1.1 a rumbunta. A 24.04 kuma babu libncurses5 da libtinfo5. Manhajar da aka gina don 20.04 mai amfani da OpenSSL, kamar tsofaffin sigogin MongoDB, za ta yi ta kiran libssl1.1 babu mai amsawa.

Abin da ya kamata ka fara yi shi ne komawa shafin masu manhajar ka duba ko akwai ƙunshin da aka gina don sigarka. Mafi yawan lokuta akwai, tsohon fayil ne kawai ke yawo daga filash zuwa filash tun zamanin 'yan ajin gaba. In babu, duba ko tana zuwa ta Snap ko Flatpak, waɗanda ke tafe da nasu laburaren a jaka. Sun fi cin data da wuri, amma ba sa taɓa na gida. In malami ya dage sai tsohuwar siga, ɗora tsohuwar Ubuntu a cikin VirtualBox, mai gudanar da wata kwamfuta a cikin taka, ko ka yi amfani da Docker, ka bar babbar kwamfutarka lafiya.

Abu biyu ne ba na so. Na ɗaya, ƙara rumbun tsohuwar siga a kan sabuwa. Yau zai yi aiki, wata uku masu zuwa apt zai rikice ya rasa na wa zai bi. Na biyu, dabarar nan ta ƙirƙiro mahaɗar ƙarya da ln -s, a laƙa wa libssl.so.3 sunan libssl.so.1.1. Lambar nan ta ƙarshe tana canzawa ne idan an sauya yadda ake magana da laburaren. Ka sa wa Audu hular Garba, ba zai san bashin da ake bin Garba ba. Ko dai manhajar ta ƙi tashi da sabon kuskure, ko ta tashi ta faɗi ana tsakiyar aiki, wanda ya fi muni.

Akwai ɗan'uwan wannan matsala ta ɗaya ɓangaren: manhajar ce ta fi kwamfutarka sabunta. Alamarsa saƙo irin "GLIBC_2.34 not found". Ubuntu 20.04 na da glibc 2.31, 22.04 na da 2.35, 24.04 na da 2.39. Kada ka kuskura ka ce za ka canza glibc da hannu, kusan kowane umarni a kwamfutar a kansa yake tsaye, har wanda za ka gyara ɓarnar da shi. Ko ka nemi tsohuwar sigar manhajar, ko ka ɗaga Ubuntun.

Fayil na nan, kwamfuta ta ce babu

Wani abin da ke sa mutum ya fara zargin aljanu: ga fayil kana gani da idonka, ka kira shi, taminal ya ce "No such file or directory". Tambaye shi asalinsa:

file ./sunan-shiri

Idan ya ce "ELF 32-bit", shirin tsohon zubi ne, kwamfutarka kuma ba ta da masu tarbarsa. Tsofaffin kayan harhaɗa shirin ƙananan na'urori na 'yan injiniya sun fi yin haka.

sudo dpkg --add-architecture i386
sudo apt update
sudo apt install libc6:i386 libstdc++6:i386

Daga nan ka koma kan ldd, duk abin da ya ɓace ka ɗora shi da :i386 a ƙarshe. Tun daga 19.10 Ubuntu zaɓaɓɓun ƙunsoshin 32-bit kawai take ajiyewa, don haka ba kowanne za ka samu ba.

Idan kai ne mai harhaɗawa

Kowane laburare kusan kashi biyu ne a rumbu: na amfani, da na masu gini wanda sunansa ke ƙarewa da -dev. Na farko na iya kasancewa a kwamfutarka, amma in za ka harhaɗa shiri sai da na biyu. Fara da sudo apt install build-essential, shi zai kawo gcc da g++ da make. Sauran kuwa saƙon zai nuna hanya: Python.h na cikin python3-dev, zlib.h ko "cannot find -lz" na zlib1g-dev, openssl/ssl.h na libssl-dev, kukan pg_config wajen ɗora psycopg2 na libpq-dev. Masu Flutter su gudanar da flutter doctor, zai lissafo clang da cmake da ninja-build da pkg-config da libgtk-3-dev in babu su. Apt-file na gano fayilolin .h kamar yadda yake gano .so.

In kuma da hannunka ka gina laburare ka yi make install, ya tafi /usr/local/lib, amma shiri ya ce bai gan shi ba, rajista ce ba a sabunta ba. Rubuta sudo ldconfig. In a wata folda ka ajiye shi, rubuta hanyar foldar a cikin sabon fayil mai .conf a /etc/ld.so.conf.d sannan ka sake ldconfig.

Python na da nata rigimar. Daga Ubuntu 23.04 da Debian 12, pip, mai ɗora kayan Python, na ƙin ɗora kaya kai tsaye, ya ce "externally-managed-environment". Ba lalacewa ba ce, katanga ce aka gina don kada ka ɓata Python ɗin da Ubuntu kanta ke aiki da shi. Yi wa kowane aiki nasa ɗaki:

sudo apt install python3-venv
python3 -m venv muhalli
source muhalli/bin/activate

A ciki pip zai yi yadda kake so. Mai neman tkinter kuwa ba a pip yake ba, python3-tk ne a apt.

Ɓangaren Windows

A nan sunan fayil ɗin kansa ke faɗin shekararsa. VCRUNTIME140.dll da MSVCP140.dll na cikin Visual C++ Redistributable na 2015 zuwa sama, wanda ƙunshi ɗaya ne. MSVCR120.dll na 2013 ne, MSVCR110.dll na 2012, MSVCR100.dll na 2010. Sabo ba ya maye gurbin waɗannan tsofaffin, zama suke tare, don haka in ka ga jerinsu a kwamfutarka kada ka ce za ka rage cunkoso. Daga shafin Microsoft kaɗai za ka sauke, kuma ka ɗora x64 da x86 duka biyu, don manhaja mai 32-bit x86 take nema ko da Windows ɗin 64-bit ce. WampServer da XAMPP, dukansu da waɗannan suke tashi.

Shafukan nan da ke raba fayil ɗin .dll ɗai-ɗai, ka nisance su. Ba ka san wanda ya taɓa fayil ɗin ba, kuma sau da yawa mutum kan jefa na 32-bit inda na 64-bit ya kamata, ya koma fama da kuskuren 0xc000007b. Abin dariyar ma, foldar System32 ita ke riƙe da na 64-bit, SysWOW64 kuma na 32-bit. Wa zai canka?

Masu Code::Blocks, ku sauke wanda ke da mingw a sunansa, shi ne mai tafe da abin harhaɗawa. Idan shirin da ka gina ya yi aiki a cikinsa amma ka danna shi a waje ya nemi libstdc++-6.dll, saka foldar bin ta MinGW a cikin Path, ko ka harhaɗa da -static don ya tashi a kwamfutar malami ranar kare furojet. Idan pip ya ce "Microsoft Visual C++ 14.0 or greater is required", ba Redistributable yake nufi ba, Build Tools ne, kuma gigabait da dama ne. Kafin ka ƙona data, gwada sigar Python da ta ɗan kwana biyu, sau da yawa akwai ginannen ƙunshi dominta. Mai Windows 7 kuma ya sani Python 3.8 ce iyakarsa, daga 3.9 ba ta hawa.

In babu intanet a inda kwamfutar take

Kwamfutar tebur ba a saɓa ta a kafaɗa a tafi neman sabis. Idan za ka iya jona ta da waya na ɗan lokaci ka yi apt update, sauran mai sauƙi ne:

apt-get install --print-uris --yes sunan-ƙunshi

Zai jero adireshin kowane fayil da ake bukata ba tare da ya sauke ba. Kwafe su, ka sauke a inda intanet ke da ƙarfi ko da datar dare, ka zubo su a folda ɗaya a filash, ka shiga foldar ka rubuta sudo apt install ./*.deb.

In kuna da yawa a ɗaki ɗaya kuma sigarku ɗaya, mutum ɗaya ya sauke da sudo apt-get install --download-only, fayilolin za su taru a /var/cache/apt/archives, sauran su kwafa. Da apt-get za a yi, don apt kan share su bayan ya gama ɗorawa. A filash ɗin shagona folda uku ce: ɗaya ta 22.04, ɗaya ta 24.04, ɗaya ta Visual C++ daga 2010 zuwa 2022, kowace da sunanta a rubuce da manyan baƙaƙe, don yarona ya taɓa zuba na 22.04 a kan 24.04 muka kai har isha'i muna kwancewa.